Latunde Odeku, ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a tiyatar ƙwaƙwalwa

Masu kallo, assalamu alaikum. A shekarar 1962 wani likita ɗan shekara 35 ya kama aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, ya kuma iso da kayan tiyata masu tsada waɗanda ya saya da kuɗin aljihunsa a Amurka, domin ya san ba zai tarar da irinsu a gida ba. Sunansa Emmanuel Latunde Odeku, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a tiyatar ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi.

An haife shi a Legas a shekarar 1927, mahaifinsa kuwa mutumin garin Awe ne da ke kusa da Oyo. Bayan ya kammala sakandare a Legas ya tafi Jami'ar Howard da ke birnin Washington, wadda ta yi suna wajen ilimantar da baƙaƙen fata, inda ya sami digirin farko a ilimin dabbobi a 1950, sannan ya zama likita a 1954. Horon tiyatar ƙwaƙwalwa ya same shi ne a Jami'ar Michigan, a hannun Farfesa Edgar Kahn, kuma a 1961 hukumar da ke tantance ƙwararrun wannan fanni a Amurka ta ba shi takardar shaida. Har ya fara koyarwa a Howard, ga albashi mai kyau, ga kayan aiki, amma ya tattara ya dawo ƙasar da shekara biyu kacal ke nan da samun 'yancin kanta, wadda kuma ba ta da sashen da zai yi aikin da ya koya.

Ya kamata mu tsaya mu duba yadda aikin yake a wancan zamani, domin sai da haka za a gane nauyin da ya ɗauka. Na'urar CT, wadda a yau take nuna wa likita cikin ƙoƙon kai cikin 'yan mintoci, ba a fara gwada ta a kan majinyaci ba sai a 1971 a Landan. Saboda haka idan aka kawo mutumin da ake zargin yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, likita zai dogara ne da idonsa da hannunsa: ya duba yadda ƙwayar ido take amsa haske, ya gwada ƙarfin hannu da ƙafa, ya saurari yadda magana take fita, daga nan ya ƙiyasta ɓangaren da cutar take. Idan yana neman ƙarin tabbaci, sai a ɗura wani ruwa ta jijiyar wuya a ɗauki hoton kai don a ga ko jijiyoyin jini sun goce daga mazauninsu, ko kuma a tura iska cikin ramukan da ke cikin ƙwaƙwalwa, gwajin da yake jawo ciwon kai mai tsanani. A haka Odeku ya yi ta buɗe kawunan mutane, yana kuma koya wa ma'aikatan jinya da ɗalibai yadda ake kula da wanda aka yi wa irin wannan aiki. Ya zama farfesa a 1965, ya shugabanci tsangayar koyon likitanci daga 1968 zuwa 1970, wato a tsakiyar yaƙin basasa, lokacin da ake kawo sojojin da harsashi ya raunata a ka zuwa Ibadan.

Akwai wata cuta da har yau take ɗauke da sunansa a littattafan likitanci. Wasu jarirai ana haihuwarsu da wani kumburi mai laushi a daidai maɗiga, abin da yake tayar da hankalin iyaye matuƙa, domin sai su ɗauka ƙwaƙwalwar yaron ce ta ɓullo waje. A 1971 Odeku da abokin aikinsa Adelola Adeloye suka wallafa bayanin yaran da suka duba, suka nuna cewa wata 'yar jaka ce ta ruwa a ƙarƙashin fatar kai, wadda ba ta haɗe da ƙwaƙwalwa, kuma ana cire ta yaro ya warke sarai. Da farko an zaci yaran Afirka kaɗai take samu, daga baya aka gan ta a sauran nahiyoyi. Sunanta cutar Adeloye-Odeku. A ganina wannan ya fi kowane muƙami da ya riƙe daraja, domin bincike ne da aka yi a gida, a kan yaran gida, duniya kuma ta karɓa.

A wajen asibiti Odeku marubucin waƙoƙi ne, ya kuma wallafa kundi biyu da Ingilishi. Ya yi aure sau biyu, matan duka likitoci ne, ya bar 'ya'ya huɗu, biyu daga cikinsu suna ƙanana ƙwarai lokacin da ciwon sukari ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a wani asibiti a Landan cikin watan Agusta na 1974 yana da shekara 47, aka binne shi a Ingila.

Shekara 12 kawai ya yi yana aiki a Ibadan, sai dai sashen da ya kafa bai mutu da mutuwarsa ba. Adeloye ya ci gaba da jagorantarsa, ya kuma rubuta tarihin rayuwar Odeku. A yau wanda ya yi haɗarin mota ya bugu a ka, ko jaririn da ruwa ya taru a kansa, ana iya yi masa aiki a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya ba tare da an bi doguwar hanyar Ibadan ba, ko da yake har yanzu likitocin wannan fanni sun yi wa yawan al'ummar ƙasar kaɗan ƙwarai.