Me Ke Rina Ruwan Kogi? Lissafin Gansakuka a Kogin Tems

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Zancenmu na yau a kan Kogin Tems ne a kudancin Ingila, wanda ya ratsa Oksfod da Landan, tsawonsa kilomita 346. A wasu shekarun, da zarar sanyi ya ja baya, sai ruwan ya rine, ya yi kore ko ƙasa-ƙasa. Gansakuka ce, irin 'yan mitsi-mitsin da ke yawo cikin ruwa, waɗanda ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Wata shekarar kuma sai ta ƙi fitowa sosai, alhali kogin bai canja ba.

Abin ya dami hukumomi, domin mafi yawan ruwan shan Landan daga koguna ake ɗibarsa. Gansakuka tana toshe matatu. Da rana tana fitar da iskar oksijin, da dare ta zuƙe ta, in kuma ta mutu ta fara ruɓewa sai iskar ta ƙara raguwa, kifi ya shiga uku.

An daɗe ana ɗora laifin a kan taki, musamman sinadarin fosfaros da ke zuwa daga gonaki da matatun ruwan ƙazanta na birane. Bayan dokar Tarayyar Turai ta 1991 an kashe maƙudan kuɗi wajen cire shi kafin a saki ruwan, kuma ya ragu ƙwarai a Tems. Gansakuka dai ba ta daina zuwa ba.

A nan masu lissafi suka shigo. Sukan gina kogin a cikin kwamfuta, su yanka shi gida-gida. A kowane gida ana sanar da kwamfuta yawan ruwan da ya shigo da wanda ya fita, zafinsa, hasken ranar da ya samu, da takin da ke ciki. Sai ta riƙa lissafawa: gansakuka nawa ta hayayyafa, nawa ta mutu, nawa ƙananan halittu suka cinye, nawa ruwa ya tafi da ita gida na gaba. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1925 Streeter da Phelps suka yi lissafin oksijin a Kogin Ohio na Amurka. Daga baya aka samu manhajoji irin su QUAL2E a Amurka da QUESTOR a Birtaniya. Kuma ba a yarda da samfuri, wato kogin da aka gina a kwamfuta, don ya dace da shekarun da aka gina shi da su. Sai an ba shi shekarar da bai taɓa gani ba ya faɗi daidai.

Amma samfuri ba ya wuce awon da aka ciyar da shi. Masu bincike a cibiyar nazarin ruwa da muhalli ta Wallingford sun yi shekaru suna ɗibar ruwan Tems mako-mako, suka ga hakan bai isa ba, don gansakuka na iya tashi ta faɗi tsakanin awo biyu. Da suka koma ga na'urar da ke auna ruwa kowace awa, sai abin ya fito fili. A sakamakon da suka buga a 2016, gansakuka tana bunƙasa ne kawai idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 9 da 19, gudun kogin bai kai kubik mita 30 a daƙiƙa ba, sannan aka samu rana mai tsawo. Taki fa? Bai nuna wani tasiri a kan lokacin farawar ba, saboda ya riga ya wuce abin da gansakuka ke buƙata. Magini mai siminti buhu ɗari da yashi tifa ɗaya, in ka kwashe masa buhu hamsin, aikinsa bai ragu ba. Yashi ne ke riƙe da shi.

Ku lura da maganar gudun ruwa, don ni a ganina ita ce zuciyar zancen. Gansakuka mai yawo ba ta da saiwa, tana tsere ne da kogi. In ruwa ya kai ta teku kafin ta ninka kanta sau da yawa, zance ya ƙare. Shi ya sa rafin da ke gangarowa daga tsauni ba ya fama da ita. Kogin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa tafiyar hawainiya yake yi, ga shi Tems na da ƙofofin tare ruwa 45 saboda jiragen ruwa, kowace tana ƙara wa ruwa zama.

Tsirrai masu saiwa lissafinsu daban. Suna iya cin taki daga laka, don haka tsabtace ruwan sama ba ya hana su nan take. Abin da ke kashe su shi ne rashin haske, idan gansakuka ta lulluɓe ganyensu, ko ambaliyar da ke tumɓuke su.

To mene ne magani? Wani nazari da aka yi da QUESTOR a yankin Yorkshire a 2010 ya nuna inuwar bishiyoyi a bakin ruwa na iya rage gansakuka fiye da rage taki. Sai dai inuwa ta fi aiki a ƙananan rafuka, kuma wannan ba izini ba ne a ci gaba da zuba ƙazanta.

Mutanen Haɗejiya da Nguru sun san wannan labari ta wata fuska. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma bin Kogin Haɗejiya rani da damina, wuraren da suke bushewa a da suka daina, kachalla ta kafa saiwa ta toshe hanyoyin ruwa. Ba za a ɗauko alƙaluman Tems a ɗora a nan ba. Ruwanmu ya fi zafi, kuma da damina laka ce ke tare haske. Mai son gina samfurin Haɗejiya zai fara ne da sanin yawan ruwan da ake saki daga madatsun biyu kowane wata, da tsawon lokacin da kowace fadama ke yi a bushe.