Adbent: Makonnin Jiran Dawowar Almasihu

Idan hunturu ya sauka a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, manoma suna tsakiyar tsinkar auduga, Kiristoci da yawa sukan shiga lokacin da ake kira Adbent, kalmar da ta samo asali daga harshen Latin, ma'anarta kuwa zuwa. Yana farawa ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma da shi shekarar ibada take buɗewa a majami'un Katolika da na Lutaran. Kowace Lahadi akan ƙara kunna kyandir ɗaya har su cika huɗu.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauke shi lokacin kai ɗinki da tanadin shinkafar biki, alhali karatun Lahadin farko yana magana ne a kan dawowar Yesu cikin ɗaukaka domin ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. A Matiyu sura 24, Ubangiji ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko da mala'iku ne, saboda haka duk mai wa'azin da ya yanke wa jama'a rana ya wuce gona da iri.

To, yaya ake shirin ranar da ba a sani ba? Manomin masakwa, wato dawar rani, a karkarar Marwa zai gane amsar, domin yakan dasa ta bayan damina ta ɗauke, ta yi ta girma da damshin da ƙasa ta riƙe har lokacin girbi a Fabrairu. Haka 'yan mata biyar masu hikima na misalin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 25 suka riƙe mai a ajiye, da ango ya yi jinkiri fitilunsu ba su mutu ba. Yahaya Mai Baftisma ya fayyace irin wannan tanadi a Luka sura 3: mai riga biyu ya ba marar ita, mai karɓar haraji kada ya ƙara a kan abin da aka ƙayyade, soja kuma kada ya yi ƙwace.

'Yan'uwa, wannan bege ya fi nauyi a wurin iyalan yankin Mokolo da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. A wasiƙarsa, Manzo Bulus bai hana Kiristocin Tasalonika kuka ba, ya dai ce kada su yi baƙin ciki irin na marasa bege, gama waɗanda suka mutu cikin Almasihu za su tashi. Sai daga 17 ga Disamba karatu da addu'o'i suke karkata zuwa ga Maryamu da Yusufu da haihuwar da aka yi a Baitalami.