Ga Matata a Gida, To Ina Arahar Fetur?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Kwanakin baya na hau adaidaita sahu daga Kabuga zan shiga Kantin Kwari, direban ya ratse gidan mai ya ce a zuba masa na dubu uku. Ni da shi muka zuba wa mita ido. Lambobin kuɗi na gudu kamar an koro su, na lita kuwa sai jan ƙafa suke, ko huɗu ba a kai ba mai zubawa ya zare bututu. Direba ya girgiza kai, ya waigo ya ce, "Malam, wai ba cewa aka yi ɗan garinmu ya gina matata ba? To ina arahar?" Na ce masa, "Mai gida, ja mu je, zancen da tsawo." Tsawon zancen ne ya kawo mu yau.

Matatar Dangote tana Lekki a jihar Legas. An gina ta don tace gangar ɗanyen mai 650,000 a rana, kowace ganga kuma lita 159 ce, sai ku lissafa. Ta ci kusan dala biliyan 20. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe ta ranar 22 ga Mayun 2023, saura mako guda ya sauka, amma buɗewar ta biki ce kawai. Sai a Janairun 2024 ta fara fitar da dizel da man jirgin sama, fetur kuwa sai a watan Satumba.

Ga masu ƙwallo, wannan ita ce matatar da ta hana Alhaji Aliko sayen Arsenal. Ya daɗe yana cewa zai sayi kulob ɗin, amma a 2024 da bakinsa ya ce lokacin ya wuce, kuɗin ya shige aikin matata. 'Yan Arsenal na unguwarmu har yau ba su huce ba.

To me ake yi a cikin matata? Ɗanyen mai gauraye ne na abubuwa iri-iri, wasu marasa nauyi, wasu masu kauri. Ana dafa shi har zafin ya haura digiri 350, a tura tururin cikin wata doguwar hasumiyar ƙarfe wadda ƙasanta ya fi zafi, samanta ya fi sanyi. Kowane iri sai ya koma ruwa a hawan da ya dace da shi. Iskar gas ta girki ta fice ta can ƙoli, ƙasa da ita mai marar nauyi da ake haɗa fetur da shi, sai kananzir da man jirgi, sai dizel, mai kaurin nan da ake samun kwalta daga cikinsa ya kwanta a gindi. Akwai kuma sashen da ke farfasa mai kaurin ya mayar da shi fetur, da wanda ke cire farar wuta, sinadarin da ke gurɓata iska yana lalata inji. Ku riƙe maganar farar wutar nan, za ta dawo.

Abin lura shi ne matata ba ta haƙo mai, saye take yi, kamar yadda mai injin niƙa ba shi ke noma masara ba. In masara ta yi tsada a Dawanau, gari ba zai yi araha ba don kawai injin yana bayan gidanka. Shi kuma ɗanyen mai da dala ake masa farashi, a kasuwar duniya, ko daga Bonny aka ɗebo shi ko daga Amurka.

Yanzu ku haɗa wannan da abubuwa biyu da suka faru a 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a dandalin rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tsallake 500 cikin kwanaki. A watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata daraja. Dalar da gwamnati ke bayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Wato ko da farashin ganga bai motsa ba a duniya, in ka auna da naira ya ninka fiye da sau uku. Zuwa Oktoban 2024 lita ta wuce naira dubu. A daidai wannan lokaci fetur ɗin Lekki ya shigo kasuwa, mutane suka yi zaton zai goge tsadar. Ina! Arahar da muka saba da ita can baya gwamnati ce ke cika gibin, wani lokaci ma da bashi.

Wani zai ce, ai an ce ana sayar wa Dangote ɗanyen mai da naira. Haka ne, tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2024. Amma farashin na duniya ne, ana dai juya shi zuwa naira a biya. Amfaninsa shi ne matatar ba ta rububin neman dala, wanda ke rage wa naira nauyi. Ragi ba ya ciki.

Sannan ga abin kunya: ƙasar da ke sahun gaba a Afirka wajen haƙo mai ta kasa ƙosar da matata guda. Dangote ya riƙa shigo da ɗanyen mai daga Amurka, jirgi bayan jirgi. Dalili? Abin da ake haƙowa ya ragu saboda fasa bututu da sata a yankin Neja Delta, kuma wani kaso na man NNPC an riga an jinginar da shi. Misali a Agustan 2023 kamfanin ya ƙulla rancen dala biliyan 3 da 'yan kai ta hannun bankin Afreximbank, wanda za a biya da ɗanyen mai. An ci kasuwa tun kafin ranar kasuwa ta zo. Hatta hannun jarin kashi 20 cikin ɗari da NNPC ya ce zai mallaka a matatar, bai iya cika kuɗin ba, ya tsaya a kashi 7.2.

Daga nan siyasa ta shigo, kuma nan ne na fi so mu daɗe. A Yulin 2024 shugaban hukumar NMDPRA mai sa ido kan tacewa da rarraba mai a lokacin, Farouk Ahmed, ya fito ya ce dizel ɗin matatun gida yana da farar wuta da yawa, bai kai na waje inganci ba, kuma ba za a bar ƙasa ta dogara da matata ɗaya ba. Dangote ya karɓi 'yan Majalisar Wakilai a matatar, aka gwada nasa da wanda aka sayo a gidajen mai a gabansu, ya ce ga shi nasa ya fi tsabta. Har ya ce in ana so NNPC ya saye matatar ya huta. Ya kuma maka hukumar a kotu kan lasisin shigo da mai da take bai wa wasu, daga baya ya janye ƙarar a 2025.

A ganina, a rigimar nan kowa yana da gaskiya rabi. Shekara da shekaru akwai waɗanda abincinsu shi ne a fitar da ɗanyen mai a dawo da tatacce, su ci riba a tafiya su ci a dawowa. Waɗannan ba za su yi wa matatar gida guɗa ba, kuma duk wanda ya ce babu su yana yaudarar kansa. Amma tsoron da ake yi na kada mutum ɗaya ya riƙe maƙogwaron ƙasa shi ma ba hassada ba ce. Mun ga yadda kasuwar siminti take, 'yan kamfanoni ƙalilan ne ke juya ta, ku tambayi duk mai gini nawa yake sayen buhu. A 2025 Dangote ya sauke farashin fetur sau da dama, gidajen man NNPC suka bi bayansa, talaka ya ɗan numfasa. Madalla. Sai dai hannun da ke iya saukewa shi kaɗai, yana iya ɗagawa shi kaɗai. A ƙarshen Satumban 2025 da ƙungiyar manyan ma'aikatan mai ta PENGASSAN ta tsunduma yajin aiki kan korar ma'aikata kusan 800 a matatar, cikin 'yan kwanaki aka fara ƙorafin gas da wutar lantarki, sai da gwamnati ta shiga tsakani. Rigimar kamfani ɗaya ta zama zazzaɓin ƙasa baki ɗaya.

Wa ya kamata ya yi gogayya da shi? Matatun gwamnati guda huɗu: biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, jimillar ƙarfinsu ganga 445,000 a rana. A 2007, gab da saukar Obasanjo, an sayar da na Fatakwal da ta Kaduna ga wani rukunin 'yan kasuwa da Dangote ke ciki, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta zo aka warware cinikin aka mayar musu da kuɗinsu. A 2021 aka amince da dala biliyan ɗaya da rabi don gyaran ta Fatakwal. Aka yi shela ta tashi a Nuwamban 2024, aka sake rufe ta a Mayun 2025. Wata shida. Ni dai ban ga laifin wanda ya gina tasa ta yi aiki ba, wanda ya karɓi kuɗin gyara shi ya kamata a ritsa da tambaya.

Mu nan Arewa kuma muna da ƙarin kaya a ka. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuma a bayan tanka man ke zuwa, tankar da ita ma dizel take sha, ga ramuka, ga shingaye. A da akwai asusun da ke biyan kuɗin dakon don lita ta zo kusan ɗaya a ko'ina. Da aka sakar wa kasuwa mara wannan ya kau, shi ya sa ɗan Maiduguri da ɗan Sakkwato ke biyan fiye da ɗan Ikeja. Matatar ta sayo manyan motoci 4,000 masu amfani da iskar gas don kai mai kai tsaye, abin da ya haɗa ta faɗa da ƙungiyar direbobin tanka.

Abin da zan yarda ya sauya shi ne layi. Wanda ya taɓa kwana a mota a bakin gidan mai, ya wayi gari aka ce mai ya ƙare, ya koma ya sayi galan a hannun 'yan bumburutu ninki biyu, ya san bambancin. Layin ya ragu ƙwarai, kuma jiragen ruwa na fita da tataccen mai daga Lekki zuwa ƙasashen waje.

A Oktoban 2025 Dangote ya ce zai faɗaɗa matatar zuwa ganga miliyan 1.4 a rana, ta yi kafaɗa da ta Jamnagar da ke Indiya. Ita kuwa ta Kaduna, mai ganga 110,000, wadda aka buɗe a 1980 don Arewa ta samu mai a kusa, duk mai bin hanyar Kachia yana hango bututunta tsaye, tankokin da ke wuce ta kuma daga kudu suka ɗauko kaya.