Daga rumbu zuwa ƙullin leda

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a tsakar gida ya samo asali, daga wata gardama da aka kayar da ni a cikinta warwas.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na biya cikin birnin Zariya gaida yayata, wadda ta ba ni shekara tara. Aka kawo mana tuwon masara miyar kuka. Na kai loma biyu, sai baki ya suɓuce mini na ce, "Yaya, abincin yanzu dai ba shi da albarka irin na da. Ina ma tuwon dawar Inna!" Ba ta tanka ba sai da ta haɗiye lomarta. Sannan ta buɗe mini tafin hannunta ta ce, "Kai ci ka yi, ni na daka. Ka ga kantar nan? Ta haura shekara hamsin, har yau ba ta gama bajewa ba."

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, masu tuna baran nan da ɗoki yawancinsu mu ne maza, da muke zaune a zaure sai dai a miƙo mana akushi. Don haka kafin mu yanke wa zamanin nan hukunci, ya kamata mu koma mu dubi wancan zamanin da idon wadda ta riƙe taɓarya.

Na tashi a wajajen Ƙofar Kuyambana a farkon shekarun 1970, lokacin ana sauya fam da sule zuwa naira da kwabo. A cikin ganuwa ma akwai gonaki, balle a bayanta. Gidanmu gandu ne, maza duk gona guda ake tafiya, rumbu uku a bayan ɗakin mahaifinmu, shi kaɗai ke da iznin buɗewa. Da safe koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwon jiya. Da rana fura, ko dambu, ko fate. To, Kanawa sai su yi ta tsokanarmu da fate, mu dai ba mu taɓa jin kunyarsa ba; faten tsaki da ya ji yakuwa da gauta da dakakkiyar gyaɗa ba abin raini ba ne. Da dare tuwon dawa, yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi karkashi, gata a dawo kan kuka. Shinkafa kuwa baƙuwa ce, sai da sallah ko suna ko biki. Nama ɗan yanki ne a kwanon maigida, yaro sai dai romo. Ƙwai ma hana mu ake yi, wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama.

Kafin wannan tuwon ya iso zaure, sai an ciro dami, an sussuka, an sheƙe, an surfa, an bakace, an wanke, an baza ya sha iska, a durƙusa a kan dutsen niƙa, a tankaɗe, a ja ruwa da guga, a hura ɗanyen itace har ido ya yi ja, a yi talge, a tuƙa. Kullum ne fa, ba ranar hutu, kuma gida mai mutum ashirin da wani abu. Ranar da aka kafa injin niƙa a unguwarmu, Yaya ta ce ita a wurinta ya fi ranar da aka kawo lantarki.

Akwai kuma abin da ba mu son tunawa. Idan damina ta yi nisa, marka ta sauka a watan Agusta, rumbu ya kai gindi, sabon hatsi bai nuna ba, gidaje da yawa kwaɗon rama da tafasa ne abincinsu. Farin 1973 ya taɓa kowa. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa a Arewa, daga nan noman gyaɗa bai sake komawa yadda yake ba. Sannan ku tuna sunayen da ake laƙaba wa yara a lokacin: Ajuji, Ayashe, Abarshi, Barmani. Sunayen gidan da ake wabi ne, gidan da uwa ta binne biyu ko uku kafin ɗaya ya tsaya. Baƙon dauro kan shigo unguwa da bazara ya kwashi yara. Dattawa masu zanen agana a fuska muna ganinsu ko'ina a kasuwa. A ƙauyukan da ake shan ruwan tafki, kurkunu na kwantar da manomi daidai lokacin noma. Yau agana ta ƙare a duniya tun 1980, an tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu a 2013, a 2020 kuma aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Duk wanda zai ce jiya ta fi yau, to ya sanya waɗannan a ma'auninsa.

Nan na tsaya da ba Yaya gaskiyarta. Amma ni ma ina da tawa, kuma ba ta ɗanɗanon tuwo ba ce.

Abin da ya fi sauyawa a rayuwata shi ne inda abinci yake kwana. Da a gida yake kwana, yanzu a shago yake kwana. Magidanci a wancan lokaci, ko ba shi da ko sisi a aljihu, ya san abin da iyalinsa za su ci nan da wata shida, don yana iya leƙa rumbu ya gani da idonsa. Magidancin yau, ko da albashi yake ɗauka, sau da yawa bai san kuɗin tiyar da zai auna gobe ba.

Ku ɗauki masarar nan da ta zama tuwon kowa. Muna yara masara abar shukawa a kewayen gida ce, a gasa ko a dafa a rage yunwa kafin gero ya nuna. Sai aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da tallafin Bankin Duniya, takin zamani ya wadata da arha, masana, ciki har da na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, suka fito da irin da ke ba da yabanya mai yawa. Kafin a ankara, daga Giwa zuwa Soba, daga Maƙarfi zuwa Ikara har Saminaka, gonakin dawa sun koma na masara. An samu hatsi da yawa, ba musu. Sai dai dawa mai haƙuri ce, ko da ɗan takin gida za ta ba ka wani abu. Masara kuwa 'yar gata ce, idan ba ka ba ta taki ba sai ta tsaya ta yi rawaya tana kallonka. Shi kuma taki farashinsa yana bin dala da kuɗin mota. Ashe tun daga ranar muka ɗaura wa tukunyarmu igiya, muka miƙa bakin igiyar ga kasuwar da ba mu taɓa gani ba.

Haka abin ya bi sauran kayan miya. Daddawar kalwa da tsofaffi ke yi ta ja baya, ɗan dunƙulen magi ya shige gaba, har akwai yaran da in suka ji warin daddawa sai su toshe hanci. Man gyaɗar da matan aure ke matsewa a cikin gida, su sayar da ƙuli-ƙulin su yi adashi su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, ya koma na jarka. Bayan kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shigo hannun ma'aikata a 1975, burodi da shayi da madarar gwangwani da shinkafar waje suka zama alamar wayewa a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, daga can suka gangaro cikin birni. Alkamar burodin nan kuwa kusan dukkanta jirgin ruwa ke kawo ta. Yanzu ga taliya, ga Indomie, wadda jikokina suke ɗauka ita ce abinci, sauran duk haƙuri ne.

Ba duk sabon abu ne asara ba, kada a ce na cika ƙorafi. Awara ba mu san ta ba muna yara, ga shi yau ta zama naman talaka, ta kuma zama jarin dubban mata. Noman rani a bakin kogunan Galma da Kubanni ya sa tumatir da albasa da karas da kabeji da latas suna samuwa a lokacin da da sai kauɗa. Ka tsaya a Kwangila da yamma ka ga kankana da lemo da abarba da ayaba tuli-tuli. Mahaifina har ya bar duniya bai ga irin wannan a wuri guda ba. Kasuwa ta cika ta batse. Tambayar ita ce mutum nawa ke iya miƙa hannu.

Su kuma gonakin da ke ciyar da rumbun, ina suke? An raba gado, an sake rabawa, gandu ya watse. Gari ya faɗaɗa ya haɗiye na kusa: wuraren da muka sani da dawa da rake a wajajen Ɗan Magaji da Gwargwaje da Hanwa da Dakace yau bulo ne da kwano. Na nesa kuma, musamman ta yamma, ɓangaren Giwa zuwa Birnin Gwari, an yi shekaru manomi na shiga gonarsa da fargabar masu garkuwa da mutane, wasu ma sun bar ta gaba ɗaya.

To mutumin da ba shi da rumbu, duk iskar da ta kaɗa a Legas ko Abuja sai ta kashe masa wuta a murhu. Zariya ta daɗe da sanin haka. A 1978 ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini ya tayar da zanga-zangar jami'o'i, har aka rasa rayuka a Samaru. A 1984 mun bi layin madara da sabulu da shinkafa. A 1986 tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, malaman makaranta suka koma noma da kabu-kabu. Na kwanan nan kuwa ba sai na tuna wa kowa ba: ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a alƙaluman hukuma. Buhun shinkafa mai kilo 50, wanda wajen 2014 ake samu kusan naira 10,000, ya wuce naira 80,000 a 2024, alhali mafi ƙarancin albashi, bayan an ƙara shi a Yulin 2024, naira 70,000 ne. Da hatsi ya sauko daga baya kuma, sai kuka ya koma gidan manomi, wanda ya sayi taki da tsada ya zo ya sayar da masara da arha.

Ma'aunin kansa ya ba da labari. Daga dami aka koma buhu, daga buhu aka koma tiya, daga tiya aka koma gwangwani, yanzu muna zamanin ƙullin leda. Mai a ƙulle, sukari a ƙulle, garin tuwo a ƙulle, tumatir a 'yar leda, har ruwan sha. Kuma duk mai lissafi ya san wanda ke saye a ƙulle ya fi mai sayen buhu biyan tsada. Wato talaka, da yake hannu baka hannu ƙwarya yake, shi ke sayen abinci mafi tsada a garin nan. Ku tambayi mai shagon unguwarku kaurin littafin bashinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciyayya. Bayan sallar isha'i kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida, a haɗa a ci tare. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar, ya zauna ya ci, babu wanda zai gane, in ma an gane ba za a nuna ba. Baƙo ya samu, almajiri ya samu, a aika wa tsohuwar da ba ta da kowa. Tuwo yana da wannan halin, ana iya ƙara masa hannu biyu bai nuna ba. Indomie guda ba ta da shi. Yau kowa ya ja ƙyauren ƙarfe ya rufe, ba don zukata sun ƙeƙashe ba, sai don an auna abincin daidai bakin masu gida. Maƙwabcinka zai iya kwana biyu bai hura wuta ba, kai da ke jikin katangarsa ba ka sani ba.

Jiki ma yana ba da shaida. Ciwon suga da hawan jini, da muke ji daga nesa muna cewa na masu kuɗi ne, yanzu da wuya ka samu zuri'ar da ba mai shan maganinsu. Mun rage tafiyar ƙasa, mun hau acaɓa da Keke, mun ƙara zaƙi da gishiri da farin gari. A asibiti guda kuma za ka tarar da uwa rungume da yaro mai tamowa. Ƙiba da rama a layi ɗaya suna jiran kati.

Idan aka matsa mini sai na faɗi matsayata, zan ce rai ya fi tsira a yau, mace ta fi samun sauƙin aiki, baki ya fi samun canji. Amma kwanciyar hankalin magidanci game da abin da za a ci gobe ta ragu ƙwarai, kuma ba na jin tsadar bana ce kaɗai ta jawo. Tun ranar da rumbu ya rushe ba a sake gina wani abu a gurbinsa ba.

Ita kuwa gardamarmu da Yaya ba a zaure ta ƙare ba. Washegari na shiga kasuwa na auno tiya biyu ta dawa kaura na aika mata. Ta ba yaro ya kai inji, ta tuƙa da kanta a kan gawayi, ta kaɗa kuka da daddawa ta zuba man shanu, ta aiko a kira ni. Jikokinta huɗu suka leƙa kwanon, ƙaramar ta ce, "Hajiya, me ya sa tuwon ya yi ja?" Babu wanda ya kai loma ta uku a cikinsu. Aka ba babbansu kuɗi ya ruga shago. Ni da ita muka zauna muka ci abinmu, ta ƙulle mini saura na tafi da shi, da safe na sa aka yi mini ɗumame.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai gobe war haka, idan Allah ya kai mu.