Maganin tairoid: kina sha kullum amma jiki bai canja ba?

[Hoto: asuba a wani gida a karkara, mace tana hura wuta]

Assalamu alaikum. Kwanakin nan tambaya ɗaya ke ta zuwa mana, daga Gaya, daga Ringim, har daga Kazaure: "Na daɗe ina shan maganin tairoid, amma gajiyar tana nan, jin sanyin yana nan. Ko jabu aka sayar min?" Wasu ma har sun ajiye shi sun koma jiƙo. To, kafin a ɗora wa maganin laifi, ku zo mu duba yadda ake shan sa.

[Zane: wuyan mutum]

A gurguje. Tairoid ɗan nama ne a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro. Shi ke fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci. In ya gaza, sai ga kasala, barci ba ya isa, jin sanyi ko a watan Afrilu, taurin bayan gida, bushewar fata, zubewar gashi, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, al'ada ta rikice. Mata ya fi kamawa. Wani lokaci wuya ya kumbura ya zama maƙoƙo, wani lokaci ba a ganin komai.

[Hoto: buhun gishiri a kasuwar ƙauye]

Dalili kuwa, ko ƙarancin sinadarin aidin a abinci, wanda saboda shi aka wajabta sa aidin a gishiri a Najeriya tun 1993. Ko garkuwar jiki ce ta juyo ta afka wa tairoid ɗin, cutar da wani likitan Japan, Hashimoto, ya bayyana a 1912. Ko kuma an yi wa mutum aikin maƙoƙo an cire. Gwajin jini mai suna TSH ke tabbatarwa: in tairoid ya gaza, sai a ga TSH ɗin ya hau. Maganin shi ne Levothyroxine, sau ɗaya a rana.

[Hoto: ƙwayar magani a tafin hannu, kofin koko a gefe]

Yanzu ku natsu, nan ne wurin.

Mun saba da cewa ba a shan magani ciki ba komai. Tun muna yara ake ce mana, "Ci abinci tukuna." Wannan kuwa akasin haka yake. Da cikin da ba komai ake shan sa, da ruwa zalla, sannan a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a sa wani abu a baki.

Ba koko, ba kunu, ba shayi da madara. Ruwa kawai.

Dalilin shi ne abin da ke cikin ƙwayar ɗan mitsitsi ne ƙwarai, da maikirogiram ake auna shi: 25, 50, 100. Sai hanji ya tsotse shi kafin ya isa jini. In ya tarar da abinci a ciki, wani kaso ne kawai zai shiga. Kin haɗiye ƙwaya guda, amma abin da jiki ya samu bai kai guda ba. Gobe haka, jibi haka. Ki koma asibiti a ga TSH bai sauko ba, a ƙara miki magani, alhali adadin farko daidai yake, kofin koko ne ya shiga tsakani.

[Hoto: layin mata masu awon ciki]

Akwai magungunan da ma tazarar minti 30 ba ta ishe su ba, awa 4 suke so a ba su. Na farko, maganin ƙarin jini da ake ba mata wurin awo. Na biyu, maganin ƙarfin ƙashi mai kalsiyam. Na uku, farin ruwan nan na maganin olsa da gyambon ciki. Waɗannan suna maƙale wa maganin tairoid kamar ƙarangiya a zane, su fice tare da shi ta bayan gida. Ni kam abin da ya fi damuna ke nan: mai ciki ta haɗa su duka a tafin hannu ta kora da ruwa, tana ganin ta bi umarnin likita, babu wanda ya taɓa ce mata ta raba su.

[Hoto: mai fura tana damu, mai awara a bakin kasko]

Nono da awara ma suna rage shigar maganin. A kwantar da hankali, ba wanda ya ce a bar fura! Ina mu ina barin fura? A dai tura ta zuwa rana.

[Hoto: buta, sallaya, tsintsiya, murhu]

Ga dabara mai sauƙi. Ki ajiye maganin kusa da inda kike kwana. Da kin tashi asuba, ki sha da ruwa kafin alwala. Kafin ki yi sallah, ki yi lazimi, ki share tsakar gida, ki hura wuta, ki dama koko, lokacin ya cika ba tare da kin kalli agogo ba. Maganin ƙarin jini kuma sai bayan azahar.

Wanda ke sammakon gona ba ya iya jira, zai iya sha da dare lokacin kwanciya, in an yi awa 3 da cin tuwo. A dai tsaya a kan lokaci ɗaya. Da azumi, a sha rabin awa kafin sahur, ko a tsara da likita tun kafin a ga wata.

Maigida, kai ma da naka aikin. Matar da ke kasa tashi da safe saboda wannan ciwo ba raguwa ba ce. Ka riƙa tuna mata, ka sayo wani kafin wancan ya ƙare.

[Hoto: ma'aikacin lab yana ɗibar jini]

Saura kaɗan, da sauri. Maganin ba ya aiki a kwana biyu. Sai bayan mako 6 zuwa 8 ake maimaita gwaji a ga ko adadin ya yi. In asibitin kusa ba sa yi, za a tura ku babban asibiti, kamar na Malam Aminu Kano. Jin sauƙi ba warkewa ba ne, yawancin masu ciwon har abada suke sha. Kada a ƙara da kai: in ya yi yawa yana kawo faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu da rashin barci. In kin samu ciki kada ki daina, ki sanar da likita da wuri, don buƙatarki za ta ƙaru, kuma ƙwaƙwalwar jariri a watannin farko da sinadarin uwa take ginuwa.

[Hoto: mace tana sa kwalin magani a cikin kwalla]

Zafi da rana suna lalata shi, saboda haka ban da kan taga, ban da kusa da murhu. Ranar komawa asibiti, a tafi da duk magungunan da ake sha, har na gargajiya, a gaya wa likita ƙarfe nawa ake shan kowanne.