Safi Faye: Ranar da Manoma Suka Yi Magana da Bakinsu

Ku dubi dattawan nan da ke zaune a gindin bishiya, suna ta mahawara kan bashi da farashin gyaɗa. Ba 'yan wasa ba ne. Manoma ne na ƙauyen Fad'jal a ƙasar Senegal, kuma wadda ta ɗauke su a fim ɗin Kaddu Beykat 'yarsu ce ta jini, Safi Faye.

An haife ta a Dakar a 1943, kuma da koyarwa ta fara. A 1966 ta haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya daɗe yana ɗaukar finafinai a Nijar. Ta fito a wani fim nasa, daga nan ta wuce Faris karatun al'adun al'umma. Da ta tashi yin dogon fim ɗinta na farko kuwa, sai ta koma gida.

A 1975 ta fitar da Kaddu Beykat, wato "muryar manomi" da harshen Wolof. Fim ne marar kala. Ga fari ya yi kaka-gida, ga gyaɗar da Turawan mulkin mallaka suka ɗora wa jama'a ta cinye gonakin abinci. Saurayi yana son aure, babu abin biyan sadaki, dole ya nufi Dakar neman kuɗi. Abin da ke burge ni shi ne yadda ba ta gaggawa. Takan bar tsoho ya kai ƙarshen maganarsa, ta bar mata su yi dakansu, har ka ji kamar kana zaune a tsakar gidan.

Maganar ta yi wa gwamnatin Senegal ɗaci, sai ta haramta nuna shi. A waje kuwa ya ci kyauta a bikin finafinai na Berlin, kuma shi ne dogon fim na farko na wata mace daga Afirka kudu da Sahara da ya shiga kasuwa.

Ta ci gaba da irin wannan aiki. A fim ɗinta Selbé ta bi wata uwa mai 'ya'ya takwas, tana ɗauke da nauyin gida ita kaɗai, mijin ya tafi birni nema. Wani fim nata, Mossane, ya je bikin finafinai na Cannes a 1996. Safi Faye ta rasu a Faris a Fabrairun 2023, tana da shekara 79.