"To, a ƙarshe ta tuba?": Littattafan ƴan matan da ake rigima a kan shafinsu na ƙarshe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau daga tsakar gida nake muku magana, nan unguwar Zariya a Maradi, saboda haka in kun ji kukan akuya ko ƙarar ɗan kabu-kabu, a yi mini afuwa.

Sati uku ke nan yayata ta faɗo mini da rana tsaka. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta kwance bakin mayafinta, ta aje mini salula a cinya. Ta ɗiyarta ce, yarinya ƴar shekara 16 da ke lise. Ta ce, "Ke da kika yi lakwal, duba mini abin da yarinyar nan take karantawa har biyun dare." Na duba. Labari ne da Faransanci a Wattpad, wani dandalin intanet da ake ɗora labarai, na ƴan mata biyu ƴan aji ɗaya, ɗayar ta fara gane cewa abin da take ji game da ƙawarta ya zarce ƙawance. Ban ɓoye wa Yaya ba. Ta yi salati, ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta yi mini tambaya ɗaya tak: "To, a ƙarshe ta tuba?"

Yaya ba ta sani ba, amma tambayar nan tata ta fi shekara 70 ana yi wa irin waɗannan littattafai. Masu buga littafi sun yi ta, hukumomin tacewa sun yi ta, har gaban alƙali ta je. Ita za mu bi yau.

Turawa suna da wani rukuni na ƙagaggun labarai da ake rubutawa musamman don matasa, daga shekara 12 zuwa 18. Jaruman su ma matasa ne, kuma yawanci da bakinsu suke ba da labarin: makaranta, jarrabawa, faɗa da uwa, son farko. Abin dariyar ma, wani binciken kamfanin Bowker a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan nan manya ne, ba yaran ba. A cikin wannan rukuni akwai reshen da jarumarsa yarinya ce mai son ƴar uwarta mace. Kalmar da suke amfani da ita, "kwiya", asalinta zagi ce, kamar a ce bauɗaɗɗe. Wajen 1990 waɗanda ake zagi da ita suka ɗauke ta suka mai da ita sunansu.

Mu kuwa kalma ɗaya muke da ita a baki: maɗigo. Ku lura da wani abu. Maɗigo sunan aiki ne, abin da aka aikata. Su kuma littattafan nan, mafi yawan shafukansu a kan abin da ba a aikata ba suke: yarinya ta rubuta saƙo ta goge, ta rubuta ta goge, tana zaune gaban kwanon abinci da iyayenta tana tunanin ranar da za su sani. Tsoro da ɓoyo sun fi komai yawa a ciki. Ban ce duka haka suke ba. A intanet akwai na banza da bai kamata ko babba ya buɗe ba, kamar yadda akwai shi a kowane irin labari.

Mu koma Amurka, 1952. Wata matashiyar marubuciya, Marijane Meaker, ta rubuta labarin ɗalibai mata biyu a jami'a mai suna Spring Fire, ta ɓuya bayan sunan Vin Packer. Editanta ya gindaya mata sharaɗi: kada labarin ya ƙare da daɗi. Dalilinsa na kasuwa ne zalla. Ta gidan waya ake aika littattafai a lokacin, kuma in masu bincike suka ga littafi yana nuna abin a matsayin alheri, sai su kama kayan gaba ɗaya. Sai ta rufe labarin da haɗarin mota, ɗaya ta ƙare a asibitin mahaukata, ɗayar ta ce ashe dama ba so ba ne. An sayar da kwafi wajen miliyan ɗaya da rabi. Daga nan aka samu hanya: rubuta abin da kake so a tsakiya, ka biya kuɗin fito a ƙarshe da mutuwa ko hauka ko aure.

Duk wadda ta yi zamanin hayar littafi a garin nan, na san ta fara murmushi, don ta san wannan hanyar. Ni dala biyar nake ba wani dattijo mai tebur a Babbar Kasuwa in ɗauki littafin soyayya kwana biyu, in ɓoye shi cikin kaye. Daga Kano suke zuwa, su bi ta Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa, bangonsu duk ya sha hannu. Yau teburin ya koma cikin salula, a guruf-guruf na WhatsApp, ki biya ki shiga. Kuma a cikin littattafan Hausa na yanzu maganar maɗigo ba baƙuwa ba ce. Kusan kullum fuska biyu take zuwa da ita: makarantar kwana, ko kuma wata hajiya mai kuɗi da ke jan yarinya da waya da atamfa. Wannan na biyun, mu kira shi da sunansa, cin zarafin yaro ne, ko namiji ya yi ko mace, kuma ba shi ne zancenmu ba. Amma ƙarshen fa? Ciwon da likita ya rasa gane kansa, ko hauka tuburan, ko kuka a kan sallaya. Abin da ya yi editan Amurka a 1952 shi ya yi marubuciyar Kano a yau, sai dai shi gidan waya yake tsoro, ita kuwa hukumar tace finafinai da ɗab'i da bakin mutane.

Bari in faɗi ra'ayina a nan, wanda zai ji haushi ya ji. Littafin da ya kwashe shafi arba'in yana zuba batsa, sannan ya liƙa tuba a rabin shafi na ƙarshe ya ce faɗakarwa yake, wannan ba wa'azi ba ne, kasuwa ce da hijabi. Mai karatu ma ta san wane ɓangare ta biya kuɗi don shi.

To yaushe aka fara karya wannan ƙa'ida? A 1976 Rosa Guy, haifaffiyar Tirinidad da ta tashi a Harlem, ta fitar da Ruby, labarin wata baƙar yarinya ƴar ci-rani a Niyok, wanda ake lissafawa cikin na farko-farko a adabin matasa da suka taɓo zancen. Can ma rabuwa aka yi. Sai 1982, da Nancy Garden ta fitar da Annie on My Mind. Ƴan mata biyu ƴan shekara 17 sun haɗu a gidan tarihi a Niyok, ɗaya ɗiyar masu hali, ɗaya ɗiyar talakawa ƴan asalin Italiya. Asiri ya tonu, an yi tashin hankali a makaranta, har malamai mata biyu suka rasa aikinsu. Amma da aka zo shafin ƙarshe, babu wadda ta mutu, babu wadda ta haukace. Waya ɗaya ta buga wa ɗaya, suka yi magana. Iyakar sabon abin ke nan, kuma shi ya tada ƙura.

A 1993 aka cinna wa kwafinsa wuta a bainar jama'a a birnin Kansas, ƙofar ofishin hukumar makarantu. A wani gari kusa da nan, Olathe, shugaban makarantu ya sa a kwashe shi daga ɗakunan karatu, alhali littafin ya yi shekaru a kan kanta babu wanda ya ɗaga murya. Ɗalibai da iyayensu suka kai ƙara, a 1995 alƙalin tarayya ya ce a mai da shi, don hukuma ba ta da ikon cire littafi saboda kawai ba ta son ra'ayin da ke ciki. Ga masu zaton ƙona littafi sai mu, ko kuma zaton Turawa duk bakinsu ɗaya a wannan batu, ga amsa. Har gobe iyaye a Amurka suna cika zauren taron makaranta suna rigima a kan irin waɗannan littattafai, a daidai lokacin da ɗaya daga cikinsu, na marubuciya Malinda Lo, ya ci babbar kyautar adabi ta ƙasar a rukunin matasa a 2021. Hangari kuwa ta yi doka a 2021 ɗin, aka wajabta wa masu shago su naɗe su a leda.

Mu ma mun ga tamu wutar. A 2007, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau da shirin A Daidaita Sahu, an tara littattafan Hausa da aka ƙwace hannun ɗalibai mata a Kano aka ƙone. Waɗancan na soyayyar saurayi da budurwa ne ma. Bayan ƴan shekaru salula ta cika gari, yanzu sai a gaya mini me za a ƙona.

Wani zai ce, ai duk wannan na Turawa ne. To ku tsaya. A 2015 Chinelo Okparanta, haifaffiyar Fatakwal, ta fitar da Under the Udala Trees. Ba a rukunin matasa aka buga shi ba, amma rabinsa ƙuruciya ce. Lokacin yaƙin Biyafara ne, jirgi ya kashe uban wata yarinya Ibo mai suna Ijeoma, aka kai ta aikatau gidan wani malamin makaranta. Can ta gamu da wata marainiya da yaƙi ya raba da kowa nata. Sunanta Amina. Bahaushiya ce. Ranar da na zo wurin nan a littafin sai da na aje shi na tashi na sha ruwa. Da uwar Ijeoma ta gano soyayya ta shiga tsakaninsu, zaunar da ita ta yi da Baibul, aya bayan aya, wata da watanni. Amina kuwa daga baya ta yi aure ta tafi. Littafin ya fito shekara ɗaya bayan Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi.

Sai na Kenya, wanda ya fi kowanne fito da zancenmu fili. Monica Arac de Nyeko ƴar Yuganda ta ci kyautar Caine ta marubutan Afirka a 2007 da gajeren labarinta Jambula Tree. Wanuri Kahiu ƴar Kenya ta mai da shi fim mai suna Rafiki a 2018, fim na farko daga Kenya da aka zaɓa a bikin finafinai na Kan a Faransa. Hukumar tace finafinai ta Kenya ta haramta shi. Abin da Kahiu ta faɗa wa ƴan jarida shi ne an nemi ta sauya ƙarshen, don ya cika sa rai, babu nadama a ciki. Ta ƙi. Kotu ta ɗage haramcin na kwana bakwai kacal a Satumba, gidajen kallo a Nairobi suka cika maƙil. Kun ji fa: Nairobi 2018, tambayar Yaya ce dai.

Matsayin addini a kan aikin kansa sananne ne, ba ni zan koya wa mutanen Maradi shi ba, kuma malamai ke da wannan fage. Abin da ya dame ni a matsayin mai karatu daban ne. Tun da zancen nan ya yi yawa a bakinmu, ƙawance ya shiga uku. Mu da muka tashi muna riƙe hannun juna zuwa islamiyya, mu yi anko, mu kwana gado ɗaya ranar biki, yau yarinya ta rungumi aminiyarta sai a fara zunɗe. Muna kolej an taɓa kama wasiƙa a kayen wata ƴar ajinmu, ta rubuta wa ƙawarta da ta koma Tasawa cewa tana kewarta har ba ta iya cin abinci. Wata malama ta karanta ta a gaban aji da ƙarfi, tana jan kalmomin. Har muka yi BEPC babu wadda ta sake zama benci ɗaya da ita, har da ni. Ban san abin da ke zuciyar yarinyar nan ba, har yau ban sani ba, kuma malamar ma ba ta sani ba. Wanda ya san hukuncin maɗigo ya kamata ya san na ƙazafi.

Ita kuwa ɗiyar yayata, da na samu keɓewa da ita na tambaye ta me ya ja ta ga labarin. Ta ce, "Tanti, wallahi ba abin da Mama take tunani ba ne. Yarinyar ce ba ta da wanda za ta gaya wa magana a gidansu." Ta faɗa tana wasa da zaren hijabinta, ba ta ɗago ba. Ban matsa mata ba. Mai yiwuwa son sani ne irin na ƙuruciya, mai yiwuwa akwai wata magana daban da ita ma ta rasa wanda za ta gaya wa, ko ta jarrabawa, ko ta wanda ake son haɗa ta da shi.

Kwana biyu salular tana hannuna, na karanta duk abin da aka ɗora, sura talatin. Da Yaya ta dawo karɓa, tun daga zaure ta ce, "To?"

Na ce, "Yaya, ba ta tuba ba, ba ta mutu ba. Inda aka tsaya, uwar ta tsinci wasiƙar a ƙarƙashin katifa, tana zaune bakin gado tana jiran yarinyar ta dawo daga makaranta."

Ta ce, "Sai ta yi mata me?"

Na ce marubuciyar ba ta ɗora ba tukuna, duk Juma'a take saka sura ɗaya.

Yaya ta karɓi salular ta juya ta a hannu, ta ƙulle ta a bakin mayafi kamar yadda ta kawo ta. Har ta kai ƙofa ta tsai da ɗan kabu-kabu, sai ta waiwayo ta ce, "In ta fito ki karanta ki kira ni."